Ladan Mati da Karen Gona

Ku matso, yau akwai shari'a, kuma ban yarda kowa ya ce "duk ɗaya ne" ba.

Ladan Mati, da can in ya ɗaga murya har ƙauyen gaba sai an yi alwala. Kwatsam tari ya sarƙe shi, kiran salla ya koma kamar kukan ɗan tsako. Jiƙo ya sha, turare ya shaƙa, ƙirji sai ƙara nauyi. Har an fara raɗe-raɗin ba wani ladanci, abin da ya fi ciwon ci masa rai. Asibiti kuwa ya ce ko gawarsa.

Yayarsa Tabawa ce ta kwanta ciwon ƙarya, tana nishi, ta ce ya raka ta. Suna shiga ta miƙe garau, ta damƙa shi hannun likita. Hoton ƙirji ya nuna wani abu kewayayye a huhu, kamar lemo.

Likita ya rasa gane kansa, ya yi niyyar tsira allura ya ɗebo a duba. Sai dai ya tambaya, "Malam, kana hulɗa da kare?"

"A'uzubillahi! Ni?"

Maƙwabcin Ladan, Barmo, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya zo dubiya tare da surukan Ladan. Sai ya ce, "Haba Ladan! Sai-Haƙuri fa, karen nan na gona, da kake ba huhun tumaki, yana lasar maka hannu?" A gaban surukai, wallahi! Likita ya fasa allura, ya ce wataƙila jakar ruwa ce ta wata tsutsa da ake ɗauka daga kare, wadda in an huda ta watsu, sai dai wani ba shi ba. Amma gwajin jini bai ba da tabbas ba.

Ana haka taubashinsa Jatau ya zo dubiya, ya toshe kunne ya kwaikwayi sabon kiran sallarsa. Ladan ya so ya yi fushi, dariya ta ƙwace masa, tari ya biyo, ya amayo ruwa mai gishiri da wata farar fata irin ta cikin ɓawon ƙwai, har ya shiɗe. Da likita ya duba fatar, ya ga ta jakar tsutsar ce, magana ta ƙare. Aka yi aiki a guje, aka cire jakar.

Murya ta dawo, ladanci ya tsira. Amma gari duk ya ji labarin kare, Ladan kuma gaba yake da su ukun: Tabawa, Barmo da Jatau. Liman ya ce butulci ke nan, lallai Ladan ya ɗauki goro ya je ya yi musu godiya.

To, da wadda ta yi masa ƙarya, da wanda ya tona masa asiri, da wanda ya kusa kashe shi da dariya, ƙofar wa zai fara yi wa sallama?