Baƙin Tabo a Wayar Alhaji Salahu

Akwai wani matashi a Zongon Lome mai suna Tawfiq, sana'arsa kafa kamarorin tsaro. Ba ya da yawan magana, amma in ya ja waya a jikin bango sai ka rantse da ita aka gina gidan. Shekara biyu yana fama da ƙananan shaguna, har ranar da Alhaji Salahu, babban dillalin atamfa a kasuwar Adawlato, ya kira shi ya kafa masa kamara takwas a sabon benensa. Wannan ne aikin da zai fito da sunansa.

Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da Alhaji.

"Baba Alhaji, kowace kamara tana tura hotonta ta waya zuwa wannan akwati, shi ke ajiyewa. Akwatin kuma yana haɗe da intanet, shi ya sa za ka ga gidanka a wayarka ko kana Makka. Amma ƙofar da ka shiga ta nan, wani ma zai iya shiga. Abin da ke tsare ta shi ne mot de passe, wato kalmar sirri."

Alhaji ya ce ya ji, alhali hankalinsa na kan kamarar saman bene. Daga can ana hango tsakar gidan maƙwabcinsa Malam Abdulkuddus, inda matar Malam ke koya wa matan unguwa karatu, kowace a sake kamar a ɗakinta. Alhaji da Malam kuwa sun daɗe suna 'yar tsama a kan magudanar ruwa.

Tawfiq ya shiga cikin na'urar ya rufe wannan sashe da baƙin tabo, yadda kamarar ba za ta nuna shi ba, akwatin ma ba zai ajiye ba.

"Kai, mene ne wannan baƙin?" in ji Alhaji. "Cire shi. Ina so in ga wanda ke zubo mini ruwa."

"Magudanar tana waje, Baba, ga ta nan ana gani. Can ciki kuwa iyayenmu mata ne. Pardon, ba zan buɗe ba."

Nan take Alhaji ya sallame shi. Tawfiq ya tattara kayansa ya hau babur zuciyarsa a cunkushe, don ya san irin wannan aiki ba kullum yake zuwa ba. Amma bai gaya wa kowa dalili ba, ko Malam.

Alhaji ya samo wani Rachid, wanda ya gama komai a yini ɗaya, ya cire tabon, ya bar kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita daga kamfani. Alhaji kuwa, mutum ne da in ya yi sabon abu sai duniya ta shaida. Duk abokin da ya zo shago sai ya ce, "Kawo wayarka a sa maka kamarorin gidana, ka ga ikon Allah." Ya manta cewa cikin kamarorin nan har da ta tsakar gidansa.

Bayan mako uku, ana zaune a shago cike da mutane, wani ɗan kasuwa mai suna Muniru ya dube shi yana dariya.

"Alhaji, ashe zanin Hajiya kake ɗaurawa in za ka sha kokon safe? Wallahi ya yi maka kyau. Ya ƙafar Hajiyar? Na ga tana ɗingishi."

Alhaji ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ya so yi wa maƙwabci, shi aka yi wa, kuma da hannunsa ya raba makullin.

Da kansa ya tako har ƙofar gidan su Tawfiq. Abin da ya burge ni da matashin nan shi ne ko "ai na faɗa maka" bai ce ba. Ya ɗauki jakarsa kawai ya bi shi. Da ya duba akwatin sai ya tarar waya goma sha ɗaya ke leƙen gidan. Ya kore su duka, ya miƙa wa Alhaji waya ya sa sabuwar kalmar sirri, shi kuma ya juya baya don kada ya gani.

Da suka zo kan kamarar bene, Alhaji ya juyo wurin Tawfiq.

"Ɗana, mayar da baƙin nan," ya ce a hankali. "Ka goge duk abin da aka ɗauka a gidan Malam. Ka ƙara faɗin baƙin ma."

Yau rabin layin masu atamfa Tawfiq ke yi wa aiki, kuma Alhaji ne ke kai shi. In wani ya tambayi Alhaji dalilin baƙin tabon da ke wayarsa, sai ya ce, "Nan gidan maƙwabcina ne."

Darasi: Kamara ido ce kawai, tsoron Allah yana wurin mai kafa ta da mai kallo. Wanda ya rufa asirin maƙwabci, Allah zai rufa nasa. Ku canza kalmar sirrin na'urorinku, kada ku raba ta kamar goro, sannan ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san ya sa kamara a gidansa.