Rakiya Biyu, Layi Ɗaya

An yi wani mutum a wani gari, tun lokacin da makarantar firamare guda ce tal a gunduma, komai kuma da hannu ake rubuta shi. Sunansa Malam Haladu. Wani bawan Allah ne wanda ba za ku ji labarinsa a rediyo ba. Malamin aji shida ne, mai tsohon keke da riguna biyu. Shekara bakwai yana koyarwa takardar tabbatar da shi a aiki ba ta fito ba, sai a shekarar da nake ba ku labari aka ce masa tana hanya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Allah ya ba shi rubutu mai kyau, kuma kun san halinmu, wanda ya iya abu shi ake jibga wa. Duk shekara idan fom ɗin jarrabawar shiga sakandare ya iso, gabansa ake ajiyewa. Kowane yaro da layinsa: sunansa, sunan mahaifinsa, ranar haihuwarsa, namiji ne ko mace, ƙauyen da ya fito. Wanda duk ba ya cikin fom ba shi da lamba, wanda ba shi da lamba kuwa ba shi da kujera ranar jarrabawa, ko da shi ne na ɗaya a aji.

A wasu makarantu wannan aikin minti talatin ne. Malami ya zauna ya ba kowa ranar ɗaya ga Janairu, ka ce ungozomomin ƙasar rana ɗaya suke aiki a shekara. Malam Haladu ba ya haka. Idan ya gama cikewa, sai ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ya karanta wa kowa layinsa, ya tambaye shi ko daidai ne.

To, ku saurara. Ranar Litinin ya gama, motar ofishin ilimi kuma ranar Alhamis za ta zo karɓar fom. Ya shiga aji ya ce duk wanda ya ji sunansa ya fita ya tsaya gindin darbejiya. Yana kira suna fita, yana kira suna fita, har ya zo kan wani suna.

"Rakiya Bawale."

"Na'am, Malam."

Murya biyu suka amsa, yara biyu suka miƙe. Aji ya yi dariya, don kullum haka suke amsawa tare. Malam Haladu ma ya yi murmushi, ya kai yatsa yana neman layi na biyu. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu. Ya ƙirga layuka, arba'in. Ya ƙirga kawuna, na ciki da na waje, arba'in da ɗaya. Sai murmushin ya ɗauke.

Bari in faɗa muku yadda aka yi. Akwai wani manomi a garin, Malam Bawale, da ƙanensa Mu'azu. Sunan mahaifiyarsu Rakiya. A shekara ɗaya matansu suka haifi 'ya'ya mata, kowa kuma ya sa wa tasa sunan uwarsa. Kun sani, ba mai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa a tsakar gida. Saboda haka 'yar Bawale ta zama Uwani, 'yar Mu'azu kuwa, da yake ranar Lahadi aka haife ta, ta zama Ladi. Ana yaye Ladi, Allah ya yi wa Mu'azu rasuwa. Bawale ya ɗauke ta riƙo, uwarta ta yi aure a wani ƙauye mai nisa. Ranar da ya kai su makaranta aka tambaye shi sunan uba, ya ba da nasa ga duka biyun. Rajista ta samu Rakiya Bawale sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Bayan shekara uku gara ta ci tsohuwar rajista, aka sa wani malami ya kwafe ta cikin sabuwa. Ya ga suna ɗaya an rubuta sau biyu, ya ce ai wanda ya rubuta gyangyaɗi yake yi, ya kwafi guda ya bar guda. Ba wanda ya lura, don a takardun gwajin aji Uwani da Ladi ake rubutawa, wajen kiran suna kuma tare suke amsawa. Wa kuke tsammani ya kwafi rajistar nan? Mai rubutu mai kyau.

Malam Haladu ya tuna ranar, har ya tuna yadda ya ji daɗi a ransa wai ya gyara kuskuren wani. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya biyo bayanta. Ya ɗauki rajista ya nufi ofishin hedimasta.

Hedimastan, Malam Barau, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da ya gaji, kuma ya san ofis. Ya saurara, ya cire tabarau ya ce, "Malam Haladu, ka san doka. Sunan da ba ya cikin rajista ba ya shiga fom sai da shaidar haihuwa, da kuma takarda daga wanda ya yi kuskuren, ya sa hannu cewa shi ne. Kana so ka rubuta wa ofis cewa ka ɓatar da yarinya shekara uku, a watan da suke duba takardunka?"

"Yallaɓai, ni na ɓatar da ita."

"Wa ya sani? Ni da kai. Layin nan na Uwani ne, ita ce 'yar Bawale ta gaskiya. Ladi ta jira baɗi, mu shigar da ita a hankali ba wanda ya ji."

"Baɗi ta wuce sha uku, Yallaɓai. Ba za su karɓe ta ba."

Malam Barau ya san haka ne. Can ya ce, "Kana da iyali, Malam Haladu. Je ka yi tunani."

Jama'a, kada ku ɗauka bai yi tunanin ba. Ya yi. Ya tuna shekara bakwai, ya tuna matarsa da ta riga ta faɗa wa 'yan'uwanta takarda na hanya. Amma duk inda ya juya, muryoyin nan biyu yake ji suna cewa na'am. Yarinya ta yi shekara uku tana amsawa, ashe ba ita ake kira ba.

Ranar Talata bayan la'asar ya yi sallama a zauren Malam Bawale. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, ya faɗi abin da ya faru, ya fara da laifinsa. Sannan ya ce yana so ya rubuta Ladi da sunan mahaifinta, don ko an mayar da layin, ofis zai ga suna ɗaya sau biyu ya soke guda, kamar yadda shi ya yi.

Fuskar Bawale ta canza. Ya ce, "Malam, ranar da muka binne Mu'azu na yi alkawari yarinyar nan ba za ta san maraici ba. Kwano ɗaya suke ci, yadi ɗaya nake yanka musu. Yau kai za ka zo da biro ka raba min su?"

"Malam Bawale, ba wanda zai raba su. Riƙon da ka yi duk gari ya shaida, Allah ma ya shaida. Amma ƙanenka bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ita kaɗai ya bari. Idan ba a rubuta sunansa a bayan nata ba, a ina za a ƙara rubuta shi?"

Bawale ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago ya ce, "Rubuta." Sai dai shaidar haihuwa ba ya da ita. Ya ce idan akwai, tana wurin uwarta, Hansatu.

Ƙauyen tafiyar awa biyu ce a keke, rabinta yashi. Ranar Laraba ana tashi daga makaranta Malam Haladu ya kama hanya, inda keke ya ƙi tafiya ya sauka ya tura. Mijin Hansatu ya karɓe shi, ya ba shi ruwa, ya kira ta. Ta zo ta durƙusa daga bayan ƙofar zaure, ta ja mayafi.

Ya gaishe ta ya ce, "Na zo ne a kan 'yarki Rakiya, wadda ake kira Ladi. Ko kina tuna ranar da aka haife ta?"

Shiru. Ku da kuke zaune kun san dalili. Ladi 'yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna ta damu da ita, balle a gaban baƙo, balle a gaban mijin da ba shi ne uban ba. Can ta ce a hankali, "Ni me na sani a kan yarinyar nan? Ku tambayi masu ita."

Da wani malamin ne, nan zai miƙe, ya ce ƙauyawa ba su san darajar ilimi ba. Malam Haladu ɗan ƙasar ne, ya san alkunya. Sai ya daina tambayarta, ya juya wajen mijin, yana magana yadda za ta ji. Ya ce akwai wata yarinya a ajinsa, mai natsuwa, mai ƙoƙarin lissafi, gobe mota za ta tafi da sunayen 'yan ajinsu ban da nata, sai fa idan an samu wata takarda daga asibiti.

Suka ji tashinta. Suka zauna har mijin ya fara ba shi haƙuri. Sai ga hannu ya miƙo daga bayan ƙofa, riƙe da wani ƙullin tsumma. Malam Haladu ya kwance. Katin awo ne na asibiti, ya yi ja don tsufa, amma ko kusurwarsa ba ta lanƙwashe ba. Ga suna, Rakiya. Ga uba, Mu'azu. Ga rana, sha huɗu ga Afrilu. Shekara goma sha biyu yana ƙasan kwallarta, har gidan wani mijin ta taho da shi, matar da ta ce ba ta san komai a kan yarinyar ba.

Da zai tafi, muryar ta ƙara fitowa. "Malam, in an gama a dawo min da shi."

Ranar Alhamis da safe ya rubuta takardar, da rubutun nan nasa mai kyau. Bai ce gara ce ba, bai ce aiki ne ya yi yawa ba. Ya ce ni Haladu na ga suna biyu na ɗauka ɗaya ne, ban tambaya ba. Malam Barau ya karanta, ya girgiza kai, ya sa hannu a ƙasa. Mota ta tafi da layi arba'in da ɗaya.

Kuna jira in ce ofis ya yaba masa? Bai yaba ba. Takardar gargaɗi aka aiko masa, ta tabbatarwar kuwa sai da ta ƙara shekara biyu. Har ya yi ritaya bai zama hedimasta ba. Abin ya yi masa ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma ranar Asabar ta gaba ya sake tura kekensa cikin yashin nan ya mayar wa Hansatu katinta.

Ranar jarrabawa ta zo. Baƙon malami daga birni ya tsaya bakin ƙofa yana kiran suna, kowa ya amsa ya shiga ya zauna kan lambarsa. Iyaye na tsaye daga nesa, Bawale na cikinsu, ya bar gona ya zo.

"Rakiya Bawale."

Uwani ta amsa ita kaɗai. Ladi ta buɗe baki don sabo, ta rufe. Aka ci gaba da kira.

"Rakiya Mu'azu."

Ba wanda ya motsa. Tun da aka haife ta ba a taɓa kiranta haka ba. Ta waiwaya ta dubi Bawale. Ya ɗaga mata kai, ya ce yadda kowa zai ji, "Amsa mana, sunan ubanki ne." Ta ce na'am, ta shiga. Shi kuwa ya juya baya yana goge ido da bakin rigarsa.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba sai ta dukiya ba. Sunan mutum amana ne, ranar haihuwarsa amana ce, layin da aka ba ka ka cike amana ne. Mu da yawa mun ɗauka ƙarya a takarda ba ƙarya ba ce. Malami ya zauna a inuwa ya ƙirƙiro wa yara arba'in ranar haihuwa don ya huta. Uba ya rage wa ɗansa shekara biyu, ya ce ai kowa na yi. Ma'aikaci ya ga kuskurensa ya rufe fayil, ya bar wani ya ɗauki nauyin. Kowane layi da ka raina, akwai mai rai a bayansa, akwai uwar da ta ɓoye katinsa a ƙasan kwalla.

Idan an aiko muku fom daga makaranta, ku zauna ku cike shi da gaskiya. Idan ba ku sani ba, ku tambaya, ko da tafiyar awa biyu ce. Idan kuma kai ne ka yi kuskuren, ka faɗa da bakinka tun mota ba ta tashi ba. Mu ma ana rubuta namu, kuma ranar da za a kira mu, ɗaya bayan ɗaya za a kira, ba wanda zai amsa tare da wani. Allah ya sa a same mu a layinmu, ya jiƙan Malam Haladu da irinsa.