Limamin da Ya Shiga Lambatu

An ce a wani babban birni akwai wata unguwa mai suna Tudun Masaƙa. Da can unguwa ce ta rufin asiri, sai masaƙar da mazajenta ke aiki a ciki ta rufe. Daga nan abubuwa suka yi ta ja da baya. Shaguna suka mutu, bola ta cinye rabin hanya, lambatu ya toshe, samari suka koma zaman kashe wando a bakin masallaci suna karta.

Mai unguwar, Malam Mantau, dattijo ne mai tsoron Allah, sai dai yana da saurin fushi. Rannan ya fito daga sallar la'asar ya tarar an yi gaba da takalminsa. Ya tako gida ƙafa a ƙasa, ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana huci, ya ce, "Wallahi gobe sai an kewaye masallacin nan da katanga, a sa ƙofar ƙarfe! Mu da 'yan iskan nan, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi."

To, akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka a tsamiyar nan kowace shekara, sun saba da shi. Ta leƙo ta ce, "Ranka ya daɗe, katanga ba ta da wuyar ginawa. Amma ina yi maka gudun abin da ya so ya sami Liman Jibo."

Mantau ya ce, "Wane ne kuma Liman Jibo?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce:

A wani gari da nake yada zango can kudu, akwai unguwar da ta fi taku lalacewa. Limaminta, Malam Jibo, masani ne na gaske, amma sahunsa kullum raguwa yake, har ya rage daga shi sai ladan sai wasu tsofaffi. Ya sa aka ɗaura lasifika, ya yi ta wa'azin wuta da aljanna. Samarin da ke zama kan gadar lambatu ko a jikinsu, sai ma su ƙara sautin rediyo. Da ya gaji, ya ƙudura zai riƙa kulle masallaci, ba mai shiga sai wanda ya yarda da tsarkinsa.

Wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin masallacin, Iya Tasalla, ta ji labari. Da ya zo wucewa ta ce, "Allah gafarta Malam, ashe kai ma rijiyar Alhaji Nomau za ka yi mana?"

Liman ya ce, "Iya, me ya sami rijiyar Alhaji Nomau?"

Ta juya ƙosanta ta ce:

A ƙauyenmu an yi wani mai hali, Alhaji Nomau. Ya haƙa rijiya, Allah ya ba shi ruwa garai-garai kamar idon zakara. Da ya ga mata na zuwa da guga iri-iri, wani da faci, wani da laka, sai ya ce za su ɓata masa ruwa. Ya sa mata murfi, ya datse da kwaɗo. Mutane suka koma wata tsohuwar rijiya ta bakin kasuwa, kowa da gugansa, dare da rana ana ja.

Ana nan aka yi masa haihuwa. Ranar suna ya tara baƙi, ya ce yau za su sha ruwan da babu irinsa. Aka buɗe murfi. Wani wari ya bugo, har mai kakaki ya saki kakakinsa ya toshe hanci. Aka jefa guga, ya fito da ruwa kore shar, da wani ƙaton kwaɗo zaune a ciki. Kwaɗon ya dubi Alhaji ya ce, "Mun gode, maigida. Ka sa kwaɗo ɗaya a sama, mu kuwa muka hayayyafa a ƙasa." Ranar da ruwan rijiyar kasuwa aka yi girki.

Iya Tasalla ta ce, "Ka ji, Malam. Ruwa ba ya tsami banza. Rijiyar da ake ja ita ke tsatsafo da sabon ruwa, wadda aka rufe kuwa kanta take cuta."

Maganar ta shige Liman Jibo. Washegari da aka idar da sallar asuba, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya ɗauki shebur ya faɗa lambatu. Mutane suka fito kallo, wasu na cewa karatu ya taɓa Malam. Ya yi ta kwasar ƙazanta har ya iso gadar da samarin ke zama. Shugabansu, wani ƙato da ake kira Gwaska, ya haɗe rai yana jiran wa'azi.

Liman ya ce, "Salamu alaikum. Samari, dutsen nan ya fi ƙarfin tsoho. Wa zai kama mini?"

Gwaska ya dubi furfurarsa da ta yi dumu-dumu da baƙin ruwa, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Haba Baba Liman, fito. Muna raye za ka yi wannan?" Ya diro, yaransa suka biyo shi. Kafin azahar matan cocin da ke ƙarshen layi sun kawo kunun zaƙi, domin lambatun nan ta ƙofarsu su ma ya bi.

Liman bai tsaya nan ba. Ya shiga gida-gida, shi da masu sallarsa, suna duba marasa lafiya, suna tambayar kowa sana'ar da ya iya. Kafinta ya ɗauki wasu samarin, mai walda ya ɗauki wasu. Aka share kangon bayan masallaci, mata suka buɗe makarantar ɗinki. Da ruwa ya sauko a waccan shekarar, unguwannin maƙwabta suka yi asarar gidaje, tasu ko katanga ba ta faɗi ba. Bara da na bi ta garin, na tarar sahu ya fito har titi, wanda ke shimfiɗa tabarmi kuwa Gwaska ne.

Shamuwa ta ce, "Ka ji, ranka ya daɗe. Bai taɓa ce musu ku zo masallaci ba. Masallacin ya ɗauka ya kai musu. Kuma kada ka manta, ni ba na zuwa sai da ruwa a bayana. Lambatunku na gani da idona."

Mantau ya shafa gemu. Can ya yi dariya ya ce, "Kin yi gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaran nan, in an bi salsala, 'ya'yanmu ne. Mu muka bar su." Ya aika a gaya wa liman da ladan su haɗu da shi bayan asuba, kowa da sheburinsa. Sannan ya leƙa zaure ya ƙwala wa uwargidansa kira, "Kubura! Nemo mini tsohon wandon nan nawa na gona."

Ta fito da mamaki ta ce, "Malam, lafiya? Shebur da asuba? Wa za a binne?"

Ya ce, "Ba binnewa za mu yi ba. Tonowa za mu yi."