Wanzamin da Ya Ƙi Askin Bushe

An yi wani mutum, wani bawan Allah, wanzami, a zamanin da ake farautar manzannin Yesu Almasihu: wannan a sare shi, wancan a jefe shi, wani a gicciye shi. Sunansa Eliyakim. Ba ya wa'azi, ko addu'a a gaban jama'a bai iya ba. Aska kawai ya iya.

A garinsu, duk wanda za a kashe sai an yi masa askin bushe a tsakar kasuwa, ba ruwa, da dakusasshiyar aska, jini na zuba, mutane na dariya. Ku da kuka taɓa zama gaban wanzami mai gaggawa, kun san abin da nake faɗa.

Ran nan aka kawo wani tsoho a ɗaure, wanda ya yi yawon bishara tare da manzanni. Shugaban dogarai ya ce, "Kai wanzami, kankare mana wannan ƙwaryar!"

Eliyakim ya dubi tsohon. Yana da mata, yana da 'ya'ya, kuma babu wanda ya san shi mai bin Yesu ne. Ku saurara fa. Sai ya buɗe zabirarsa, ya wasa aska, ya ɗebo ruwan ɗumi wurin mai koko, ya durƙusa.

"Baba, sannu. Sunkuyo kaɗan."

Tsoho ya ce, "Ɗana, ruwan nan zai ja maka."

"Baba, ban taɓa aske babba a bushe ba."

Ya jiƙa kan, ya murza, ya aske tas, ko ƙwarzane babu.

Shugaban dogarai ya ce, "Ango muka kawo maka? Ko kai ma nasu ne?"

Eliyakim ya goge aska a tafin hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, nasu ne."

Kafin la'asar aka sare tsohon. Shi kuwa Eliyakim, suka karya masa yatsun dama, suka ƙone zabirar. Bai ƙara riƙe aska ba har ya mutu.

Jama'a, na daɗe a duniya, na ga masu rantsuwa za su mutu saboda Ubangiji, amma gaisar da wanda gari ya tsana ta gagare su. Ba kowa za a nema da takobi ba. Abin da ke hannunka, da shi za a gwada ka. In an miƙo maka kan wanda aka wulaƙanta, aka ce kankare, kai dai nemo ruwa.