Ƙunshin Kyauta a Bukkar Baƙuwa

An yi wata 'yar bushiya mai suna Ladingo, wadda ta fara zama budurwa amma har yanzu magana da jama'a tana gagarar ta. Ba ƙin mutane take yi ba, tana son su ƙwarai, idonsu ne take tsoro. Ko gaishe ta aka yi, sai gabanta ya faɗi, ta dunƙule ta zama curin ƙaya. An taɓa ce mata "Ina kwana," ta amsa da "Sauka lafiya," ta wuni a ɗaki tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A garin kuma akwai 'yar kurege mai suna Tabawa. Ita ce gaba a dandali, bakinta ba ya hutawa, jelarta ta fi ta kowa gashi, kuma ba ta bari a manta da haka.

Ana shirin bikin 'yar Zomo sai wata baƙuwa ta sauka a tsohuwar bukkar bayan gari. Ta lulluɓe ruf da mayafi, idanunta kaɗai ake gani. Ta aiko cewa ita mai ƙunshi ce, kuma ƙawayen amarya kyauta za ta yi musu.

Tabawa ta tare Ladingo a bakin rijiya.

"Ke za ki je ƙunshin?"

Kafin Ladingo ta amsa, Tabawa ta ɗora:

"Au, na manta, sai an yi sallama ake shiga. Zauna abinki a gida. Dama wa zai ga ƙafarki, kullum tana cikin ciki?"

'Yammata suka kwashe da dariya, suka wuce.

Maganar ta yi wa Ladingo ciwo, don ita ma tana son jan lalle kamar kowa. Da hantsi ta bi bayansu, tana ta maimaita sallama a ranta. Da ta isa ƙofar bukkar sai ta leƙa ta kafar asabari.

'Yammata ne zaune a jere, an shafa musu lalle a ƙafa, an naɗe da ganye da tsumma, an ɗaure tamau. Tabawa na tsakiya tana ba da umarni.

"Gwaggo, ni ki ƙara mini har gwiwa. Kuma hannu biyu za ki sa mini a zunguru, ba ɗaya ba. Ai ba biya zan yi ba."

"Ko ba ki faɗa ba, 'yata," in ji baƙuwar da murya mai laushi. Ta tura hannuwan Tabawa cikin dogayen ƙoren nan biyu, ta ƙulle bakinsu da igiya. "Kowa ta zauna, kada ta motsa sai ya kama. Bari in ɗora ruwan wankewa."

Ladingo ta ji takun baƙuwar ya nufo ƙofa. Idan suka haɗu, dole a gaisa. Ta ruga bayan bukka, ta shige ƙarƙashin tarin kara.

Nan ɗin kuwa baƙuwar ta nufo. Ta waiga hagu da dama, ta tuɓe mayafin ta rataye. Kyanwar daji ce, ƙatuwa, haƙarƙarinta duk a waje don yunwa. Ta durƙusa tana hura wuta ƙarƙashin wata tukunya wadda ta fi ƙarfin ruwan wanke ƙafa nesa ba kusa ba.

Ladingo ta ja da baya, sai ta ji ta taka wani abu mai sanyi. Ta duba. 'Yan ƙananan ƙafafu ne busassu, tuli guda a cikin toka, kowace da jan lalle a farcenta.

Tsoro ya kama ta. Hanyar gida na nan a buɗe, kuma ba wanda ya san ta zo. Amma a cikin bukka akwai 'yammata da ƙafa a ɗaure, ba mai iya taku ɗaya, kuma duk duniya ita kaɗai ta san abin da ake dafa wa ruwa.

Ta lallaɓa ta zagayo, ta ɗaga asabari ta faɗa ciki.

Ido ya yi mata caa. Duk abin da ta shirya faɗa ya gudu.

"Sannunku," ta ce. "Ya... ya gida? Ya mutanen gida?"

Dariya ta cika bukkar.

"Ku ji, bushiya ta yi magana," in ji Tabawa. "Ya gida lafiya lau, sai me?"

Ladingo ta ji kanta yana shigewa ciki da kansa. Daga bayan bukka kuma tana jin ƙarar itace a wuta. Ta yi magana daga cikin ƙayarta, muryar kamar ta sauro.

Wata 'yar ɓera da ke kusa ta matso da kunne. "Me kika ce? Ku yi shiru mana, wani abu take faɗa."

Aka yi tsit, kuma shirun ya fi dariyar ban tsoro. Ladingo ta fito da kanta, ta rufe ido gam.

"Kyanwa ce. Na gan ta ba mayafi. Ta ɗora tukunya. Akwai ƙafafu a toka, masu lalle. Don Allah ku kwance."

Ba wadda ta sake dariya. 'Yar ɓera ta sa haƙori ta yanke tsummanta, ta yanke na maƙwabciyarta. Nan da nan suka kwance juna, suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ɓula a gindin bango.

Tabawa kuwa ta janye ƙafarta.

"Kada wadda ta taɓa mini ƙunshi, bai kama ba. Baƙin ciki ne kawai, don ba a yi mata ba. Yau wadda ba ta iya amsa gaisuwa ba ce za ta ba ni labari?"

"Tabawa, don Allah," in ji Ladingo.

"Tafi can."

Asabari ya ɗaga. Kyanwar ta shigo, ba ta ma damu da mayafin ba. Ta dubi tsummokaran da ke zube, ta dubi Tabawa, ta lashe baki.

"Ya kama, 'yata?"

Tabawa ta juya wajen Ladingo. "Ladingo," ta ce a hankali, "kwance ni."

Ladingo ta kai wa tsumman ƙafar Tabawa cizo, ta tsinke shi, ta faɗa ɓular ta fice. Tabawa ta biyo ta, amma zunguru biyu suka tokare a bakin ɓular, ba gaba ba baya. 'Yammata suka kama ta daga waje suna ja, tana ihu. Ƙoren suka fashe, ta fito tim a ƙasa. Jelar nan da take taƙama da ita kuwa tana can ciki, a bakin kyanwa.

Ihun ya tara manyan gari da sanduna, kyanwar ta tsere daji ba ta ko waiwayi tukunyarta ba.

Ranar biki Tabawa ba ta fita ba. Ta ƙule a ɗaki tana jin kiɗa daga nesa, tana tsoron a kalle ta. Ba wadda ta san zafin wannan tsoron kamar Ladingo, don haka ta baro wajen bikin ta zo ta zauna kusa da ita. Har aka tashi daga kiɗan ba wadda ta ce uffan, kuma Tabawa ba ta so Ladingo ta tafi ba.

Darasin wannan labari shi ne, idan kana da gaskiyar da za ta ceci wani, ka faɗe ta ko muryarka na rawa. Kuma kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ba ya yawan magana, don watakila abin da ya sa ya buɗe baki yau ya fi ƙarfin kunyarsa.