Kyallu Mai Ɗingishi da Ladan Fiton Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo!

Wata tsohuwar bushiya ce ta haifi 'ya'ya bakwai. Kowace ta haifi bakwai, waɗannan suka haifi bakwai-bakwai, su ma nasu 'ya'yan suka haifi bakwai-bakwai. To, 'yan autan nan na ƙarshe, su dubu biyu da ɗari huɗu da ɗaya, su ne suka ci ado za su wasan kalankuwa a hayin kogi. Can baya kuwa ga ɗaya daga cikinsu, Kyallu mai ɗingishi, tinƙis-tinƙis, kullum ita ce ƙarshe.

Kada ne mai fito. Ya ce, "Samari da 'yan mata, ni ba na karɓar komai. Ku dai jeru sahu-sahu daidai wa daida, ban da ɗai-ɗai, ban da sahu guda. Wanda ya yi saura, shi ne ladana. Damar gwaji sau uku na ba ku."

Jatau sarkin samari ya ce, "Wannan ai wasa ne. Biyu-biyu!"

Aka jeru, aka jeru, aka jeru. Saura ɗaya, Kyallu. Kada ya lashe baki.

Jatau ya ce, "Biyar-biyar!"

Aka jeru, aka jeru, aka jeru. Saura ɗaya, Kyallu. Kada ya fara wasa haƙora, ita kuwa ta fashe da kuka.

Sai gardama ta kaure. Wannan ya ce uku, wancan ya ce shida, wani ya ce goma. Ku ji marasa tunani! Yawan nan nasu taurin kai gare shi, ko huɗu ka ce ko takwas, sai ya tofar da ɗaya.

Kyallu ta share hawaye ta ce, "Yaya Jatau, ni fa ban zo duniya ni kaɗai ba. Mu bakwai ne wurin Innarmu. Kai ku nawa ne?"

Ya ce, "Bakwai."

"Ke fa, Yaya Delu?"

"Bakwai."

"To, kowa ya nemi 'yan ɗakinsu."

Wayyo daɗi! Wuri ya kacame da kiran suna. 'Yan'uwan Kyallu shida, da kunya ta gama rufe su, suka rugo suka sa ta tsakiya. Sahu ɗari uku da arba'in da uku, cif.

Kada ya duba gaba, ya duba baya, ya leƙa har ƙarƙashin ciyawa. Babu saura. Haka ya wuni da yunwa yana yi musu fito, ana kiɗa ana guɗa a gadon bayansa. A filin kalankuwa kuwa Kyallu ce ta buɗe rawa, ɗingishin nata ma ya zama salon da kowa ke kwaikwayo.

Don haka in kun tashi tafiya, kowa ya waiwaya ya riƙo hannun ɗan'uwansa.

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan ɓera, ya gudu da ita.