Kurege da Ruwan Zoɓon Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku matso kusa da wuta. Wata rana ce matar Zaki ta haihu, aka sa ranar suna. Aka kira Bushiya, tsohuwar da duk dajin babu mai dama kunun tsamiya kamarta. Ta jiƙa tsamiya a wani tulu, ta zuba mata zuma. A ɗaya tulun kuma ta jiƙa kanwar dafa wake.

Ita Bushiya tsufa ya kashe mata harshe, ba ta jin ɗanɗano, ga ruwan tulunan nan kamarsu ɗaya. Amma tana da dabararta. Takan zuba tsinkakken ruwan zoɓo a ƙoƙo, ta ɗiga ruwan tulu a ciki. In ya koma ja wur, ta san tsami ne. In ya koma kore, ta san kanwa ce. Kurege yana kan katanga yana kallon duk abin nan, ƙamshin zuma na dukan hancinsa, yawunsa ya tsinke.

Bushiya na fita neman itace, sai ya diro. Ya zura hannu a tulun tsamiya, ya lashe. Ya zura, ya lashe. Ruwa ya yi ƙasa, hannu ya daina kaiwa. Mai kunya da nan zai tsaya, amma ina Kurege ina kunya? Sai ya juya ya zura wutsiyar nan tasa buzu-buzu, ya tsamo, ya tsotse. Ya zura, ya tsotse, har ya ga gindin tulu.

Da Zaki ya ji labari, ya yi gurnanin da ya karkaɗe ganyen bishiya. Ya ce, "Duk wanda ya shanye tsamiyar sunan ɗana, Kura ce za ta yi kalaci da shi!"

Kura ta ce, "Allah ya ja zamaninka," tana lashe baki.

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, a tara kowa. Kowa ya wanke hannu a ƙoƙon zoɓo. Wanda ya taɓa tsami, ruwansa zai yi ja wur."

Kurege na jin haka, sai ya ja da baya. Ya zame ya je tulun kanwa, ya cuɗa hannu, ya cuɗa, ya cuɗa har gwiwar hannu. Ya dawo yana taƙama, wai shi mai wayo.

Zomo ya wanke hannu, ruwa bai canza ba. Barewa ta wanke, bai canza ba. Kunkuru ya wanke, bai canza ba. Kurege ya ture Kunkuru, ya tsoma hannu biyu. Nan take ruwa ya koma kore kamar miyar kuka.

Ya yi tsalle ya ce, "Jama'a ku shaida! Ja aka ce, wannan kuwa kore ne!"

Bushiya ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, waɗanda ba su taɓa komai ba, ruwansu yana nan yadda yake. Kai me ya kai hannunka kanwa?"

"Wake na taya ki dafawa, Gwaggo."

"Waken da ko wankewa ban yi ba? To, me ya sa ƙudaje ke bin wutsiyarka?"

Wayyo Kurege! Ya wanke gaba, ya manta baya. Aka kawo sabon ƙoƙo, Kura ta kama wutsiya ta tsoma. Ruwa ya yi ja wur kamar barkono.

Zaki ya ce, "Kura, bisimilla."

Kura ta wangame baki. Kurege ya ce, "Yaya Kura, ni kam na tafi, ke nake tausayi. Gabana kanwa, bayana tsami. Kin san abin da ke faruwa in suka haɗu a ciki ɗaya?"

Kura ta ce, "Ƙarya kake."

"Tambayi Gwaggo, ita ba ta ƙarya."

Bushiya ta kalato ɗan abin da ya rage a gindin tulun tsamiya ta sa a ƙoƙo, ta zuba masa ruwan kanwa. Sai ji kake fuuu! Kumfa ya taso ya cika ƙoƙo har yana zuba ƙasa.

Kurege ya ce, "Wannan ɗan guntu ke nan. Ni kuwa tulu guda na sha."

Kura ta dubi kumfa, ta shafa cikinta, ta ce, "Ranka ya daɗe, yanzu na tuna yau azumi nake." Tana sakin wutsiya, Kurege ya yi wuf ya faɗa rami. Zaki ya kai duka, sai ƙura ya samu. Ranar dai farau-farau aka sha a wajen suna.

Shi ya sa har gobe in kun ga Kurege, za ku gan shi ya ɗaga wutsiya sama. Shanya ta yake yi, don kada ya gamu da Bushiya da ƙoƙonta.

Ƙurunƙus kan Kurege! Darasin kuwa, in za ku wanke laifi, ku wanke har wutsiya. Kai Ɗanjuma, miƙo hannun nan in gani, tun ɗazu gyaɗata ke raguwa.